Yadda Kaka Kulu ta ja ni cikin koyar da Turancin mota

Ni fa ban nemi aikin ga ba, ku rubuta ku aje. Da wani ya ce mini wata rana za a riƙa kira na Mushe, wato malamin makaranta, a bakin tashar Ƙonni, da na yi dariya har na faɗo daga babur. Ni da na bar lakwal a aji biyar, ranar da mushenmu ya ce in hito tablo in yi lissahi, na ce za ni bayan gida, har yau ban komo ba. In yana da rai yana can yana jira na da alli a hannu.

Tsohuwa guda ta ja ni ciki, kakata Kulu ta Tajaye, wadda ta haihi uwata Zali. Kuma da ba don ƙafata tana cikin karan ɗori ba lokacin, da gudu zan yi.

Ina faɗin wanga zance ne saboda ku ƴan kabu-kabun da kuke fakewa ƙarƙashin dogon yaron da ke kusa da ni. Ina jin ku. Kuna cewa Laminu ya samu banza, ya aje benci biyu, yana sayar ma ƴan ci rani Turancin da bai cika cokali ba. Jiya ma mai jar hular kwanon nan ya ce shi ma gobe zai sayi benci. To saya, kafinta bai rufe ba. Amma ka zauna tukuna ka ji abin da ke cikin bencin.

Shekara huɗu na yi ina karen mota a Ikko, cikin ƙananan bas ɗin nan masu launin ɗorawa da suke kira danfo. Ubangidana wani Bayarabe ne, Baba Tunde, mai tumbi da haƙuri kaɗan. Ranar farko ya yi mini magana ban ji ba, ya sake ban ji ba, sai ya nuna mini ƙofa, ya nuna bakina. Aikin ke nan. Ka rataya ga ƙofa, hannu guda cikin mota, sauran jikinka ga Allah, kana kiran sunan unguwar da za ku. Na rataya, na buɗe baki na ce "Oshodi" a hankali, kamar ina gaida surukai. Baba Tunde ya taka birki, ya sauka, ya zagayo, ya kawo kunnenshi daidai bakina, ya ce da ƴar Hausarshi, "Aboki, kai yana ciwo?" Duk tashar ta kwashe da dariya. Kahin wata ya ƙare, in na kira Oshodi, wanda ke bisa gada yana waigowa.

Can na gane Turancin mota daban yake da na littahi. Na taɓa ɗaukar wani mai kwat daga Yamai, Faransanci a bakinshi kamar ruwa, Turanci ma ya karanta. Ya hango tasharshi, ya gyara zama, ya fara shirya zance mai ladabi, irin mai "in ba zan takura maka ba". Kahin ya kai ƙarshen zancen mun wuce wurin da gada biyu. Ya sauka yana zagi na da yare ukku. Abin da mutum ke buƙata cikin mota bai wuce biyar ba: ina za ta, nawa ne, matsa mini, ba ni canjina, zan sauka. Kalmomin kam kahin shayi ya huce ka haddace. Abin da ke da wuya shi ne sanin lokacin faɗinsu, da muryar da za ka faɗe su da ita.

Sai mugunyar shekarata ta zo. Injin motar Baba Tunde ya mutu mutuwar da ba tashi, ya sayar da gangar jikin, ya ba ni rediyonshi, ya ce in gaida uwata. Na komo Ƙonni na karɓi babur na shiga kabu-kabu kamar ku. Wata ukku na yi. Ran nan ina kan hanyar iyaka, wani jaki ya hito daga lungu bai duba dama ba bai duba hagu ba. Jakin ya tashi ya kaɗe kunne ya tahi. Ni sai mai ɗori. A shekarar ruwa ya ɗauke gero yana ciki, naira ta lalace, masu tsallakawa sunka rage, tasha ta yi tsit. Na wuni rumfar mai facin da kuke gani nan, ƙafa miƙe bisa taya, ina kallon kuɗaje.

Wata Laraba, ranar kasuwa, sai ga Kaka Kulu ta sauko daga motar Tajaye da ƙunshi a kai. Ta tsaya bisa kaina ta dubi ƙafar.

"Mijin banza," ta ce, "an ce jaki ya kashe ka, na zo in shiga takaba."

Na ce, "Takabar mi, amarya, ke da ba ki taɓa dama mini hura mai kauri ba?"

Ta yi murmushi kaɗan, ba irin dariyar da ta saba ba. Ta aje ƙunshin, ta zauna, ta ce, "Ikko za ni. Kai za ka koya mini yadda ake shiga motarsu."

Bari in gaya muku dalili. Ɗanta na fari, kawuna Isuhu, ya shekara goma sha ɗaya yana ci rani a Ikko, a kasuwar raguna da ake kira Rago, can bayan gari. Duk damina yana zuwa ya yi noma, in an ɗaure gero ya koma. Sai damina ukku a jere bai zo ba. Wayarshi a kashe. Matatai da ɗiya huɗu suna Tajaye suna jira. Labari ya zo sama-sama cewa ya ji ciwo wajen lodin mota. An aiki ƙanenshi, ya kwana biyar a Rago, kowa ya ce bai san shi ba. An aiki limamin unguwarsu, shi ma haka. Liman da ya komo ya ce, "Yana nan, na ga alama a idon mutane. Shi ya hana a nuna."

Na ce, "Kaka, ki bari ƙafata ta warke in kai ki."

"Damina ba ta jiran ƙafarka."

"To in kin isa, akwai ƴan garinmu kasuwar albasa, wani ya raka ki."

"Duk Bahaushen da ya raka ni, kahin mu isa an buga mishi waya, ya ɓoye kamar yadda ya ɓoye ma liman. Ni kaɗai za ni, cikin waɗanda ba su san ni ba. Sai dai ya gan ni tsaye."

Na duba, tsohuwa ta hi ni lissahi. Ta riga ta shirya da wani direban tirela da ke ɗaukar albasa daga Galmi, zai kai ta har kasuwar da ake sauke kaya. Daga nan mota ukku ce tsakaninta da Rago, kuma ba kondasta guda cikinsu da zai ji "sannu". Na ce mata ni ba malami ba ne. Ta ce ta sani, ai ita ta wanke wandon da na gudo da shi daga lakwal.

Kayan aikin da kuke raina wa, ranar na haɗa su, kuma har yau su ne. Benci biyu na ara wurin mai shayi, na jera ɗaya bayan ɗaya, mota ke nan. Jarka a gaba, kujerar direba. Mai faci ya riƙe murhin tukunya, shi ne direba. Tsohuwar ƙofar wata mota da ke yashe bayan rumfa munka jingine ta gehe, ni na tsaya can da sanda guda ina buga ta kamar yadda muke yi in mota ta cika. Benci ba ya tahiya, to yaya za a wuce da mutum tasharshi? Sai in riƙa jero sunayen tashoshi da sauri kamar yadda suke bisa hanya, in na kira taka ba ka yi magana ba, an wuce da kai. Sannan in kunna rediyon Baba Tunde har ƙarshe, mai faci ya tada injin iska. In ba a ji muryarka cikin wanga hayaniya ba, ba a ji ta Ikko.

Ranar farko Kaka ta zo shiga mota. Na sa masu zaman banza huɗu su zama fasinja. Ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Salamu alaikum. Ina kwananku? Ina gajiya? Ɗan nan, ɗan wa kake?" Ta bi su ɗaya ɗaya. Na buga ƙofa na ce mota ta tahi, ta bar ki.

"Ta tahi ina, ban gama gaisuwa ba?"

Ba laihinta ba ne. Motar Tajaye in ka shiga, direba ya san ubanka, ya san gonarka, ya san ƙohwar gidanka. Kana iya yin barci, zai tsaya daidai gawon da ke bakin hanyarku ya ce, "Inna, an iso." Tunda take ba ta taɓa ce ma direba ya tsaya ba. Na ce mata can ba a gaisuwa, ana shiga ne kawai, ƙafar dama a ciki, ƙunshi bisa cinya ba bisa kai ba, don motar ba ta tsayawa duka, rage gudu take yi.

Ta ce, "Garin da ba a gaisuwa, mutane ne a ciki?"

"Mutane ne, Kaka, sauri ne ya yi musu yawa."

Munka daidaita a kan ta zauna tukuna, sannan ta gaida na kusa da ita in ya ga dama ya amsa.

Kalmomi ba su ba ta wahala ba. Macen da ta san sunan kowace akuya a unguwarsu da uwar da ta haihe ta, "hamoc" ne zai gagare ta? Kwana biyu ta iya tambayar kuɗi, ta iya "shif" in an matse ta, ta iya "mai cenji" tana miƙa hannu. Ta iya "ai wan dirof" in za ta sauka, na ƙara mata da ta Yarbawa, "owa", don ta hi gajarta. Sunayen tashoshin ukku ta ƙulla su da ƙulli ukku a bakin zanenta, in ta wuce ɗaya ta kwance ɗaya.

Murya ce ta hana mu barci kwana ukku. In na jero tashoshi na zo kan tata, sai in ga leɓenta ya motsa, shi ke nan. Na ce ta ɗaga. Ta ce ta ɗaga. Na ce ko mai facin da ke gabanta bai ji ba. Ta ce babbar mace ba ta ihu cikin maza, ita ba a yi mata wannan tarbiyya ba. Na wuce da ita Oshodi ya kai sau talatin. Har na fara cewa a raina wagga tahiya ba ta yiwuwa.

Rana ta huɗu wata akuya ta taimake ni. Kaka ta aje ƴar jakar wake da za ta kai tsaraba gindin benci, akuyar mai shayi ta zo ta sa kai ciki. Ana tsakiyar hayaniya, rediyo na yi, inji na yi, sai na ji, "Kai! Hai!" Ni kaina sanda ta kuɓuce mini. Akuya ta tsallake taya biyu. Wani jandarma da ke shan shayi can tsallaken kwalta ya miƙe tsaye.

Na ce, "Amarya, ina kika ɓoye wagga?"

"Wagga ta korar tsuntsaye ce a gona. Ba ta mutane ba ce."

"To can duk tsuntsaye ne. Direba tsuntsu, kondasta babban tsuntsu. Ki kore mu."

Ta dube ni ta dubi mai faci, ta ce mini, "Kai kam dama ka yi kama da buwa mai cinye gero." Na sake jero tashoshi. Da na ce Oshodi, ta saki "owa" guda, mai faci ya yar da murhin tukunya ya ce ya tsaya, don Allah ta sauka.

Saura abu guda, kuma shi ne ban hango ba, ni da nake jikanta. Na ce, "In kin isa Rago, Turanci ya ƙare, Hausa za ki yi. Sai ki ce kina neman ɗanki, ki faɗi sunanshi. Gwada in ji."

Ta ce, "Ina neman yayan Zali."

"Kaka, wa ya san Zali a Ikko? Sunanshi za ki faɗa."

Ta kau da kai tana kallon kwalta.

Kun san abin, ko da yake iyayenku na yanzu sun fara sakewa. Ɗan fari ne. Tunda anka raɗa mishi suna ba ta taɓa faɗinshi ba. Kahin a haihi uwata "yaron nan" take cewa, da anka haihe ta ya zama "yayan Zali". Ko wani Isuhu daban ne ya shigo gidan, sai ta ce "mai sunan wancan". In ya komo daga ci rani kowa na murna, ita tana can tana tankaɗe kamar ba ta ga wanda ya shigo ba, sai dai a ga ƙwaryar hurarshi ta hi ta kowa nono.

Na ce, "Shekara arba'in da takwas kina ɓoyon suna guda. Yau buƙata ta zo."

"Bakina bai san hanyar shi ba."

"Ai kin faɗi hamoc, shi ma bakinki bai san hanyar shi ba."

"Hamoc ba ni na haihe shi ba."

Na yi lallashi, na yi tsiya, na ce ta rufe ido ta faɗa, na ce ta faɗa cikin jarka ba mai ji. Ta ce in na sake magana za ta karya mini ɗayar ƙafar in huta gaba ɗaya. Da na ga ba ci gaba, na yagi takarda daga kayen da mai shayi ke rubuta bashi, na ari bik ɗin da yake rubutu da shi, na rubuta "Isuhu na Tajaye, ƙasar Illela ta Nijar" da manyan baƙaƙe, don kar a kai ta ga ƴan Illelar Najeriya. Rubutun kamar kaza ta bi ta kan laka, amma ana karantawa. Ta naɗe, ta ƙulla ƙulli na huɗu.

Da sahe direban albasa ya tsaya mata nan bakin kwalta. Ta hau gaba, ƙafar dama tukuna, ƙunshi bisa cinya. Ta leƙo ta taga ta ce, "In ban komo ba ka auri wata, amma ba za ka samu mai haƙurina ba."

Abin da ya faru can ban gani da idona ba. Rabi daga bakinta na ji, rabi daga bakin Kawu, kuma inda sunka saɓa na ɗauki na Kawu, don ita tana rage wa.

Motar farko lahiya lau. Ta ce ta zauna tukuna sannan ta gaida wata mai kwandon kihi, matar ta amsa da yarensu, sunka yi ta hira har Oshodi ba wadda ta ji abin da ɗaya ke cewa. A Oshodi ta saki muryar tsuntsaye, direba ya taka birki har na baya sunka dungure. Kondasta ya riƙe mata hannu ta sauka yana cewa "Mama, Mama". A mota ta biyu kondasta ya yi kamar ya manta da canjinta. Ta miƙa hannu ta ce "mai cenji", ta bar hannun a miƙe daidai hancinshi tasha biyu, har fasinja sunka sa baki. Ta kwance ƙulli ukku, ta sauka Rago rana tsaka.

Nan ta kwance na huɗu. Ta nuna ma na farko takarda, ya karanta, ya ce Isuhu sun hi ashirin a kasuwar, amma na Tajaye bai san shi ba. Na biyu ya ce kamar ya koma Agege. Na ukku wani dattijo ne mai sayar da dusa, ya karanta, ya dube ta, ya ce, "Inna, mi kike gare shi?" Ta ce, "Ƙanwatai ce ɗiyata." Dattijon ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya sa a dace, ya ba ta ruwa, bai ƙara komi ba. Ta zaga kasuwar har la'asar ta kusa. Takarda ta jiƙe da zuhwa ta fara yagewa.

Sai ta lura da igiya. Ragunan da ke wani layi duk an ɗaure su da igiyar zaren buhu, tufka ukku, an mai da bakin ciki an ƙulle yadda ba ta warwarewa. Haka kakana marigayi yake tufka igiya, kuma mutum guda ya koya ma. Ta bi layin tana duba wuyan raguna, inda igiya ta hi sabunta nan ta bi, har ta iso wasu rumfunan langa-langa a jere, sun kai goma, duk an saki buhu a ƙofa. Masu raguna sunka tsaya suna kallon ta. Ba wanda ya nuna, ba wanda ya kore ta. Babbar mace kuma ba ta bin ɗakunan maza tana ɗaga labule.

Kawu ya ce yana ciki, rumfa ta shida, da igiya a hannu. Tun tana nesa an gaya mishi wata tsohuwa tana yawo da takarda, ya leƙa ta hudar langa-langa ya gan ta. Ya ce ya ja buhu ya ruhe ƙafarshi, wadda anka yanke daga gwiwa bayan ƙofar tirela ta faɗo mata, ya ƙudura ba zai hita ba. Ya san uwarshi. Za ta tsaya, ta gaji, ta tahi, don ba ta da abin da za ta kira shi da shi. Yayan Zali ba ya amsawa a Rago.

Ta aje ƙunshinta ƙasa. Ta gyara ɗaurin zane. Kawu ya ce ya ga ta buɗe baki ta ruhe sau biyu. Na ukku ta ɗaga kai kamar mai kallon gona, ta kira shi. Sau guda, da muryar da ta tsaida motar Oshodi.

Ya ce raguna ma sun daina kuka. Ya ce ya ji sunan nan a bakin malamai, a bakin ƴan sanda, a bakin likitan da ya yanke ƙafar, amma bai taɓa sanin yadda yake a bakin ta ba. Bai san lokacin da ya ce "Na'am, Inna" ba. Ya jawo sandunanshi ya ɗaga buhu ya hito.

Ta dubi huskarshi, ta dubi inda ƙafa take da, ta sake duban huskar. Sannan ta kau da kai gehe kamar yadda ta saba, ta ce ma dattijon mai dusa da ya biyo ta, "Gaya ma yayan Zali ya haɗa kayanshi. An yi ruwan shuka."

Kawu ya ce, "Inna, da mi zan yi noma?"

Ta ce ma mai dusa, "Gaya mishi ɗiyanshi huɗu suna da ƙafa takwas. Wanda zai zauna bakin gona ya ce musu kun karkace ne babu."

Kwana goma sha biyu da tahiyarta motar Sakkwato ta sauke su nan, daidai inda kuke aje baburanku. Ni da sanda guda, Kawu da biyu. Ya dube ni ya ce, "Kai kuma mi ya same ka?" Na ce jaki. Ya ce shi aƙalla tirela ce. Mai shayi ya dafa shayi bai karɓi komi ba.

Daga nan labari ya bazu cewa wani gurgu a tashar Ƙonni ya koya ma tsohuwa Turanci cikin kwana biyar ta je Ikko ta komo da ɗanta. Da anka gama girbi sai ga samari daga Dogarawa, daga Tajaye, har Buzayen da ke zuwa gadi, wani da ƙwan zabi, wani da tiyar wake, kowa na son a wuce da shi Oshodi bisa benci kahin a wuce da shi da gaske. Ƙafata ta warke, amma ban koma babur ba. Kawu in rani ya yi yakan zo ya kwana biyu yana sayar da igiya ranar kasuwa, shi ke zama fasinja mai hana matsawa, kuma ya iya. Abin da na canza tun daga Kaka shi ne, ba na fara wa da kalmomi. Nakan zaunar da mutum in tambaye shi wa za shi nema can, da abin da yake jin nauyin faɗi. Wani ba ya iya ce ma babba "matsa". Wani ba ya iya neman canjinshi gaban mutane, gani yake rowa ce. In ban gano wannan ba, ko ya haddace kalmomi ɗari za a wuce da shi. Wanda zai sayi benci gobe, kafinta ba ya haɗa maka da wannan.

Bara da Salla na tahi Tajaye. Ana zaune tsakar gida, uwata, matar Kawu, Kawu yana tufka, Kaka tana ɓarar gyaɗa. Na ji ta ce ma wata jikanya, "Kai ma yayan Zali ruwa." Sai tsiya ta motsa mini.

Na ce, "Amarya, yayan Zali kuma? Ai an riga an ji. Raguna ɗari sun ji."

"Raguna an yanka su."

"Mai dusa yana da rai. Kawu ga shi nan. Kawu, ta faɗa ko ba ta faɗa ba?"

Kawu ya ce shi igiya yake yi, kar a sa shi.

Uwata ta ce in ƙyale tsohuwa, ai lalura ce, lalura kuma ba ta zama al'ada. Matar Kawu ta ce tunda baki ya buɗe sau guda, mi ya rage. Na ce ni dai hakkina nake nema, ni na haƙo muryar nan daga gona, kwana huɗu ina wahala da karyayyar ƙafa, kuma ni kaɗai ne ban ji amhwaninta ba. Na ce sau guda tak, a hankali ma, cikin kunnena, ba zan gaya ma kowa ba. Gardama ta yi zahi, kowa na faɗin tashi, har maƙwabta sunka leƙo ta kan danga.

Kaka ba ta ɗaga kai daga gyaɗarta ba. Sai da kowa ya gaji ta hure ɓawon da ke tahin hannunta, ta ce, "Can na faɗe shi, can na baro shi. In kana son ji, mijin banza, ka san motar da ake shiga."